Kurakuran da ake ta maimaitawa in za a kai kaka da jikoki wurin wasa

Duk hutun Sallah abu ɗaya nake gani. Motoci biyu su tsaya a bakin wurin wasa da ƙarfe ɗaya na rana, an kwaso gida kaf: Hajiya, matan gida, samari da 'yan mata, ƙananan yara, ga jariri a goye. Kowa ya sha ado. Kafin La'asar yara sun fara kuka, Hajiya ta yi tagumi a kan wani dakali, maigida na ta faɗa da waya a kunne, ana cigiyar yaro ɗaya. A koma gida aljihu ya yi sauƙi, ba kuma wanda ya ji daɗi. Na gaji da ganin wannan, domin babu ko ɗaya a ciki da ba za a iya kauce masa ba tun daga gida.

Abuja zan riƙe a maganar, tunda can iyalai da yawa daga Kano da Zariya da Kaduna ke nufa in an sami hutu, musamman Magicland, wanda a da ake kira Wonderland, kusa da ƙofar shiga birni da babban filin wasa na ƙasa. Amma wanda ya taɓa shiga gidan zoo na Audu Bako a Kano da Sallah zai ga kusan duk abin da zan faɗa ya shafe shi.

Kuskure na fari shi ne ranar da ake zaɓa, da lokacin da ake isa. Ranar Sallah da washegari kowa ke fita, don haka rabin wunin a layi zai ƙare. Ga shi Sallah na matsowa baya da kusan kwana 11 duk shekara, a 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa a watan Maris, Babba kuma ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Ta fari tsakiyar zafi ce a Abuja, ta biyu damina ta riga ta sauka, hadari kan haɗu da yamma a tsayar da liluka. A Kano kuwa zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40. Ni dai na kan bar kwanakin Sallah su wuce, in zaɓi ranar aiki, in tambayi lokacin buɗewa tun ana gobe, mu kuma kasance a ƙofa ana buɗewa. Masu tasowa daga Kano da asuba da niyyar su yi wasa a ranar su juyo, don Allah su daina. Tafiyar ta haura kilomita 400. Tsohuwar da ta wuni a mota ƙafafu a kumbure ba ta da sauran ƙarfin yawo. A kwana a Abuja. In jirgin ƙasa za a bi daga Rigasa zuwa Kubwa ko Idu, a nemi tikiti da wuri, lokacin hutu ba ya jira.

Babban kuskuren kuwa, wanda har yau in na tuna shi raina kan ɓaci, shi ne a tsara wunin a kan ƙarfin masu jini a jika, a ce tsofaffi za su bi a hankali. Ba za su bi ba, wahala za su sha su yi shiru. Iyayenmu suna da kara. Uwa ba za ta buɗe baki gaban suruka da jikoki ta ce ta gaji, ko tana jin yunwa, balle ta ce tana son kewayawa ba.

A kan mahaifiyarmu na ga haka, a wani wurin wasa da muka je da ita da jikokinta. Tana da ciwon suga. Da safe ta sha maganinta, ta kurɓi koko kaɗan saboda ana ta azalzalar a fita kada a makara. A wurin kuma ta ƙi shan ruwa, ashe gudun shiga banɗakin da ba ta sani ba take yi. Muna ta bin yara daga wannan lilo zuwa wancan, tana biye da mu a rana. Na kan juya in ce, "Hajiya, ko a zauna a huta?" Ta ce, "A'a, ku bar su su yi wasansu, ba komai." Wajen ƙarfe biyu ƙanwata ta lura gumi ya jiƙa mata mayafi, hannunta na rawa har jaka ta suɓuce, magana kuma ta fara harɗewa. Suga ne ya faɗi. Allah ya sa akwai mai sayar da lemo kusa, aka ɗura mata tana iya haɗiya, ta ɗan dawo hayyacinta. A asibiti muka ƙarasa ranar, yaran kuma suka daɗe suna jin tsoro, har ƙaramar cikinsu na tambaya ko wasan da suka yi ne ya sa kakarsu rashin lafiya.

Saboda haka in na ga ƙato yana gaba da tikiti a hannu, uwarsa na can baya tana jan ƙafa, ba na iya yin shiru. Wa ya ce maka "ba komai" ɗin tsohuwa amsa ce? Kai da ka san ta tun kana goye? Ba a tambayar tsoho ko ya gaji, zaunar da shi ake yi. Da an shiga, kafin kowa ya hau komai, a nemi inuwa mai wurin zama kusa da banɗaki da wurin sallah, a shimfiɗa darduma, nan ne mazaunin gida na wunin. Hajiya da mai shayarwa da jariri nan za su zauna, yara su riƙa zuwa suna komawa, suna kawo mata labarin abin da suka hau. Abin da ya fito da ita ke nan, ganin jikoki cikin murna. Na kan tafi da kujerar roba ko mai naɗewa a bayan mota, domin mai ciwon gwiwa in ya zauna a ƙasa tashi aiki ne. Mace ɗaya ta fara leƙa banɗakin ta ga na zama ne ko na tsuguno, akwai ruwa ko babu, sannan ita za ta riƙa cewa, "Hajiya, zo ki raka ni," ba sai an jira ta nema ba. Abinci da ruwa da agogo ake ba su, ko sun ce sun ƙoshi. Mai ciwon suga a tafi da na'urar gwajinsa, da dabino ko alawa ko lemo mai sukari a jaka, ba irin marar sukarin nan ba. In da allurar insulin, kada a bar ta a mota a rana, a sa ta a kula mai sanyi ba tare da ta taɓa ƙanƙara ba. In kuma mutum ya suma, ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake nufa nan take, lambar gaggawa a Najeriya 112 ce.

Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya ko baya, da mai juna biyu, ba su da abin yi a kan lilon da ke juyi ko wurgi, komai magiyar jikoki. Kuma a tambayi tsohuwa tun a gida, ita kaɗai, ko tana son zuwan ma. Wata ta fi son a kai ta Millennium Park a Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a 2003, ta zauna a kan ciyawa a ƙarƙashin itace, yara na guje-guje a gabanta. Ba laifi a raba wunin: safe na liluka ne, yamma nata ne.

Na biyu a girma shi ne "ai duk muna kallon su." Manya shida, yara tara, kowa na ganin wani na kula, sai a wayi gari babu mai kula. Uwa ta zaci yana wurin baffansa, baffa ya zaci yana wurin gwaggo. Kowane yaro a damƙa shi ga babba ɗaya, a faɗa a fili tun a mota, yaron ya ji, babban ya amsa. In babban zai je alwala, ya miƙa hannun yaron ga wani ya ce, "Ga shi a hannunka har in dawo." Kada kuma a ɗora wannan nauyi a kan 'yar aiki mai shekara goma sha uku ko yayarsu da ita ma ido take buɗewa a wurin. Yara ne su ma, a bar su su yi wasa.

Ga wani abu da ba a cika tunawa ba. Yaranmu da yawa ba su san sunan iyayensu na yanka ba, Abba da Umma suka sani, ko Mama da Baba. Yaro ya ɓata a taron Sallah, ma'aikaci ya tambaye shi sunan mahaifinsa ya ce Abba, me aka yi ke nan? A Abuja ma wataƙila ma'aikacin ba ya jin Hausa, yaron kuma ba ya jin Turanci. Kunya ba ta hana a zaunar da yaro a koya masa cikakken sunan uwa da uba. Ni har rubuta lambar waya nake yi a takarda in maƙala da fil a cikin aljihu, ƙananan kuma in rubuta musu da biro a damtse. A bakin ƙofa a ɗauki kowane yaro hoto shi kaɗai, daga hula har takalmi, domin in hankali ya tashi uwa ma kan manta kalar rigar da ta sa masa da hannunta. Anko ba ya taimako yadda ake zato, yadin da ake yayi a Sallar shi ne a jikin rabin yaran wurin. A gaya wa yaro in ya duba bai ga kowa ba ya tsaya cak inda yake, kada ya nufi ƙofa ko mota. In ta faru, kada a watse gaba ɗaya ana ihu: ɗaya ya ruga ƙofar fita ya tsaya, ɗaya ya kai wa ma'aikata hoton, ɗaya ya koma inda aka gan shi ƙarshe, sauran su riƙe ragowar yaran a mazauni. In an same shi kuma a rungume shi. Dukan da ake yi wa yaro a wannan lokacin shi ke sa gobe in ya ɓata ya ɓuya saboda tsoro.

Sai sutura. Dogon mayafi da hijabi mai jan ƙasa da babbar riga na da haɗari na gaske a kan duk abin da ke da inji, musamman ƙananan motocin tsere, inda ƙarfen da ke juya tayoyin baya yake dab da bayan mai tuƙi. Gefen mayafi ya shiga nan, wuya zai shaƙe kafin mai kula ya ankara. Wadda za ta hau ta sa ƙaramin hijabi ta cusa gefensa cikin riga, namiji ya tuɓe babbar riga ya bar ta a mazauni. Sabon takalmin Sallah kuma a bar shi a gida, kafin Azahar ya fasa wa yaro dunduniya, sai ɗauka.

Ina jin haushin iyayen da ke tsayawa suna ciniki da mai kula da lilo a kan ma'aunin tsawo, "haba ɗan'uwa, a taimaka, ai saura kaɗan ya kai." Ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera an yi shi ne daidai wani girman jiki, yaron da bai kai ba zai iya zamewa ta ƙarƙashinsa. Wanda ya hana ɗanka hawa taimakonka ya yi. A gaya wa ƙananan tun a gida cewa akwai abin da sai baɗi, kukan zai zo da sauƙi.

Kuɗi ma na haɗa 'yan'uwa faɗa. Sau da yawa kuɗin shiga daban ne, na hawa kowane lilo daban, a tambaya kafin a je. Wa da ƙane su yi magana tun a gida a kan wa zai biya me, a tara a hannun mutum ɗaya, a gaya wa kowane yaro sau nawa zai hau. A riƙe tsabar kuɗi, ranar cunkoso sabis kan yi nauyi, na'urar POS ta ƙi, tiransifa ta maƙale.

A tambaya ko ana barin shiga da abinci, in ba a bari a bar kula a mota a fito a ci. Kada a cika wa yaro ciki da shinkafa da lemo a ɗora shi a majaujawa. Kayan canji ga duk wanda bai kai shekara biyar ba. Buta da sallaya, a yi Azahar rukuni biyu don kada mazauni ya zama ba kowa. A riƙe fawabank na cajin waya. Samari da 'yan mata a sake su su biyu-biyu, a ba su lokacin dawowa. Yaron da ya yi barci ba a barin sa a mota, ko na minti biyar, ko an sauke gilashi.

Tashi kuma a yi shi tun yara na cewa a ƙara ɗaya, kafin Magariba, kafin kowa ya yo ƙofa lokaci guda. In motoci biyu ne, kowa ya koma wadda ya zo a ciki, ba canji. Direba kada ya tayar sai an kira sunan kowane yaro ya amsa da bakinsa, sannan a buga wa ɗaya motar waya a ji su ma sun cika.