Yadda ake shuka koren wake a lambun gida

A Birnin Kebbi da kewaye, shuka shi da hunturu, daga Nuwamba zuwa farkon Janairu. Da zafin Maris ya shigo furen zubewa yake yi.

Fara da neman iri gajere, wanda ba ya yaɗo, don ba ya buƙatar sanda. Kafce wurin da rana ke samu sosai, ka zuba ruɓaɓɓen takin gargajiya. Kada ka cika masa yuriya, ganye zai yi ta yi ba 'ya'ya.

Sai shuka, kai tsaye a ƙasa, don ba ya son dashe: zurfin santimita 3, tazarar santimita 10 tsakanin ƙwaya da ƙwaya, 45 tsakanin layuka. Cikin kwana 7 zuwa 10 zai tsiro. Killace wurin fa, kaji ba sa raga wa tsiro.

Ban ruwa da safe, a gindi, ba bisa ganye ba.

Bayan kwana 50 zuwa 60 ka fara tsinka, tun yana ɗanye shar yana karyewa ɓas, kafin ƙwayar ta kumbura. Riƙe reshen da hannu ɗaya, ka tsinka da ɗayan, duk bayan kwana biyu ko uku.