Yadda za ka gane halin gilashin kyamararka ta fim

Mutane da yawa in hoto ya fito ba yadda suke so ba sai su ɗora wa fim laifi ko mai wanki, alhali gilashin gaban kyamarar nan shi ke yanke kaifin hoto da yadda bayan mutum zai narke. Fim galibi kala yake ba ka da ɗan tsakuwar nan, wato ƙananan ɗige-ɗigen da ake gani a jikin hoto.

Fara da duba lambar da ke bakin gilashin. In ka ga 50mm, wannan shi ya fi kusa da yadda ido ke gani a fim ɗin 35mm, shi ya sa kyamarori irin su Pentax K1000 da Canon AE-1 galibi da shi aka riƙa sayar da su. 28mm zai kwaso maka fili sosai amma don Allah kar ka matsa kusa da fuskar mutum da shi, hanci zai kumbura kunne ya gudu baya. Fuska 85mm take so.

Sai ƙofar haske, lambobin f ɗin nan da ke jikin gilashin: ƙaramar lamba ƙofa a buɗe, babbar lamba ƙofa a tsuke. Sa fim guda mai hoto 36, ko Kodak Gold 200 ya isa, ka tsayar da mutum gaban bishiya ka ɗauke shi a f/2, ka sake a f/4, ka sake a f/8 ba tare da ka motsa daga wurin ba, kana rage gudun shata, wato marfin da ke buɗewa haske ya shiga fim, duk lokacin da ka tsuke ƙofar, kuma ka rubuta a takarda don wallahi in an wanko ba za ka tuna ba. A f/2 bayan zai narke gefe ya ɗan yi duhu, a f/8 komai tas.

Nan ne za ka ga halin kowane gilashi. Helios 44-2 na zamanin Tarayyar Sobiyet, 58mm f/2, in ka buɗe shi gaba ɗaya ganyen baya juyawa yake kamar guguwa, ni dai ina son sa ƙwarai, wasu kuma kansu yake juyawa. Wasu tsofaffin Super-Takumar 50mm f/1.4 kuma gilashinsu ya koma rawaya saboda sinadarin toriyom da ke ciki, hoto ya fito da ɗumi.

Bayan nan ɗauki hoto biyu rana na gabanka. Gilashin da shafinsa ɗaya ne, wato sinadarin da ake shafa wa fuskarsa don rage ƙyallin haske, zai wanke kala ya zubo da hazo, mai shafi da yawa irin SMC da Pentax ta fito da shi a 1971 zai riƙe baƙi da kyau. In hazon ya dame ka sa masa hular kare rana, ko tafin hannu ma ya yi.

Kafin ka biya kuɗin gilashin gwanjo kuwa cire shi daga kyamarar ka haska tocilan ta bayansa. 'Yar ƙura ba komai, amma in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo to funfuna ce, ajiye musu kayansu.