Sabunta fasfo daga Kumasi: ku duba NIN kafin ku hau motar Accra

Duk wanda ya sauka Kumasi daga Kano ko Sakkwato ko Zariya ba ya daɗewa yake mance cewa ƙasar wasu ya zo. A Aboabo da Asawase da Sabon Zango, Hausa ce a kunnenka tun daga kiran assalatu har a rufe shaguna. Ga koko da ƙosai da safe, ga masallaci a kowane lungu, kuma da wuya ka kwana uku ba ka gamu da wanda ya san unguwarku ba. Kakanni ne suka share mana wurin nan, fatake da malaman da suka biyo hanyar goro ta Salaga suka kafa zanguna, kuma har gobe zango ba ta barin baƙo ya kwana a tasha. Ina alfahari da haka ƙwarai. Sai dai wannan daɗin karɓar baƙi shi ke sa ƙannenmu sakaci da takarda. Mutum ya jefa fasfo a ƙasan jaka, ya shiga kasuwar Kejetia neman na kansa, ba ya sake waiwayarsa sai ranar da aka bugo waya daga gida, ko kujerar Umara ta faɗo, ya buɗe ya tarar ya mutu tun bara.

Maganar ɗaki ba zan ja ta ba. Masu gida suna neman kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ka nemi dattijon unguwa ya tsaya maka, ka karɓi rasit. Lissafin sidi, kuɗin Ghana, da aika kuɗi ta waya da suke kira momo, da hawa motocin haya da suke kira torotoro, duk a mako guda za ka iya. Takarda ce ke kayar da mutane.

Wa'adi biyu ne a kanka, ƙanena, kuma ɗaya yana rataye da ɗaya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shigowa Ghana ba biza, amma kwana 90 ne. Mai niyyar zama ya wuce haka sai ya nemi izinin zama a hukumar shige da fice ta Ghana, ya kuma yi katin shaida na baƙi, wanda kuɗinsa dala 120 ne a karon farko, ana kuma biyan kuɗin sabunta shi kowace shekara. Da katin ake rajistar layin waya, da shi ake hulɗa da banki. Izinin zaman kuwa a cikin fasfo ake liƙa shi, kuma babu jami'in da zai liƙa shi a mataccen fasfo. Ashe ranar da fasfonka ya mutu, sauran takardun ma sun kama hanya. Masu biyo mota ta Seme da Aflao, ku daina yarda yaron mota ya ce ku zauna, shi zai ji da boda. Ku sauka a buga muku hatimin shiga. Hatimin nan shi ne shaidar ranar da kuka shigo, kuma za a neme shi. Wanda yake ganin abin wasa ne ya zauna da tsofaffin zango su ba shi labarin Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Akwai gidajen da har yau ba su sake haɗuwa da danginsu ba.

In ya rage wata shida fasfo ya ƙare, lokacin nema ya yi. Saudiyya da Dubai da Sin, inda mafi yawanmu ke zuwa ibada ko sayayya, duk suna son fasfo mai sauran aƙalla wata shida, don haka wanda ke jiran ranar da aka rubuta a jiki ya riga ya makara. Ɗan Najeriya a Accra yake yi, a ofishin jakadancinmu da ke unguwar Roman Ridge. Ana cike fom a shafin intanet na hukumar shige da fice ta Najeriya, a biya a can, a zaɓi ranar zuwa ɗaukar hoto da yatsu. Sanarwar hukumar ta 2025 ta ce mazauna waje suna biyan dala 150 kan mai shafi 32 na shekara 5, da dala 230 kan mai shafi 64 na shekara 10. Ɗan kasuwa mai yawan ƙetare iyaka ya daure ya yi babban. Tsakanin Ghana da Najeriya ta ƙasa iyaka uku ce, kowace da hatimin fita da na shiga, shafi 32 ba ya jimawa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda ake zubar da hawaye shi ne NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa ta Najeriya.

Yanzu ba a yin fasfon Najeriya sai da lambar NIN, kuma kwamfutar hukumar shige da fice daga rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN, take jawo bayananka. Suna, da jerin sunayen, da ranar haihuwa, dole su zo daidai da abin da ke cikin tsohon fasfo, harafi da harafi. Mu kuwa Hausawa ba mu saba da haka ba. Mutum ɗaya Muhammad ne a takardar Islamiyya, Mohammed a fasfo, Mamman a bakin 'yan gida. Abubakar ne a nan, Garba a can. Wani ya sa sunan mahaifi a gurbin sunan dangi, a wata takardar ya sa sunan garinsu, Gusau ko Funtuwa ko Bici. Ranar haihuwa kuma abin da ya zo baki, shi ya sa masu 1 ga Janairu suka yi yawa a cikinmu. Da yawa sun yi NIN ne a cikin turmutsitsin ƙarshen 2020, lokacin da aka ce za a rufe duk layin da ba a haɗa ba, aka yi ta tururuwa, mai bugawa na sauri, mai rajista na sauri, babu wanda ya tsaya ya karanta 'yar takardar da aka miƙo masa.

Ni ma ta nan aka kama ni. Yaron da ya buga mini bayanai a wani shago ya juya sunana da na mahaifina, ya kuma cire harafi ɗaya. Na kwana a mota, na isa Accra da asuba da fayil ɗina cif, na komo Kumasi hannu rabbana. Babu wanda ya zalunce ni a wurin, bayanan ne ba su haɗu ba, kuma jami'in da ke gabanka ba shi da ikon taɓa rumbun wata hukuma ko da ɗan'uwanka ne. Kafin gyaran ya fito izinin zamana ya ƙare, kayana na Lome sun zauna, wanda ya ba ni amanar kuɗinsa kullum sai ya kira, ni kuma ba ni da bakin yi masa bayani. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yaro ya sayi tikitin Accra bai taɓa ɗora takardar NIN kusa da fasfonsa ya gwada su ba. Aikin minti biyar ne. Ka zauna, ka sa yatsa, ka bi haruffan ɗaya bayan ɗaya. In karatun boko bai zauna maka ba, babu kunya, ka kai wa malamin makarantar unguwa ya duba.

In ka ga saɓani, kada ka biya ko kwabo na fasfo tukuna. Ka yanke shawara wanne za a gyara. Galibi ya fi sauƙi a gyara NIN ya bi fasfo, musamman in akwai bizoji da izinin zama da asusun banki da duk suke ɗauke da sunan da ke fasfon. NIMC tana da shafin gyara na intanet, ana biya, a ɗora hujjoji, a jira. Gyaran ranar haihuwa ya fi na suna tsada da tsauri, kuma sai da takardar hukumar ƙidaya ta ƙasa. In kuwa fasfon ne za a canza wa bayani, to wannan aiki ne daban da sabuntawa: akwai rantsuwar kotu, akwai sanarwa a jarida in suna ne, sannan a jira amincewa daga Abuja. Bayan an ce gyara ya fito ma, ka sake ciro sabuwar takardar NIN ka gani da idonka kafin ka koma kan fom. Abu ɗaya da nake roƙonku da girman Allah: kada wanda ya ruɗe ku ku yi sabon NIN don ku tsere wa gyara. Yatsunku na cikin rumbun, za a gane rajista biyu ce, kuma warware wannan ya fi gyaran farko wahala nesa ba kusa ba.

Ƙannena mata, wadda ta yi aure bayan ta yi fasfo ta yi tunani kafin ta sauya zuwa sunan miji a takarda ɗaya ta bar sauran. Addini bai ce ki bar sunan mahaifinki ba, kuma barinsa yadda yake a duk takardu ya fi miki kwanciyar hankali. In kin zaɓi sauyawa, to ki sauya ko'ina, da takardar aure a hannu.

Sai 'yan kamasho, waɗanda mutanen nan ke kira goro bois. Za su same ka tun kafin ka neme su, da Hausa mai daɗi, su ce suna da mutum a ciki, ba sai ka je Accra ba. Zuwa da kai ya fi aike. Abin da kawai wani zai iya yi maka shi ne cike fom da biya da katinsa in kai ba ka da katin da ke biyan dala, kuma ko wannan ka tsaya a kansa. Lambar waya taka, imel naka, rasit da lambar nema a buga maka su a takarda ka riƙe. Na ga wanda ejan ya sa imel ɗinsa, ya ɓace, mai fasfo bai san ranar da aka ba shi ba har ta wuce. Kuma kada ka bar asalin fasfonka ya kwana a hannun kowa.

Akwai wata shawarar da ake raɗa wa sababbin zuwa, wadda ta fi duk waɗannan muni: tunda kana jin Hausa, ka ce kai ɗan zango ne, a yi maka katin ɗan ƙasa da fasfon Ghana. Wannan laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Ban da haka, cin amanar waɗanda suka sauke ka ne. 'Yan'uwanmu da kakanninsu aka haifa a nan sun daɗe suna shan tambayoyi a ofisoshi saboda sunayensu, ana sa su kawo hujjar da ba a neman ta wurin wasu. Duk baƙon da aka kama da ƙaryar zama ɗan zango, ya ƙara wa ɗan zango na gaskiya tsawon layi. Kada ka saka wa masu masaukinka da haka.

Ranar tafiya, ka tabbata ba ranar hutu ba ce, don ofishin jakadanci yana hutun ƙasashen biyu, 6 ga Maris na Ghana da 1 ga Oktoba na Najeriya, ga kuma Sallah da Kirsimeti. Tsakanin Kumasi da Accra wajen kilomita 250 ne, amma cunkoson shiga gari na iya cinye maka safiya, gara ka je tun ana gobe ka kwana wurin 'yan'uwa a Nima ko Mamobi, ba su da nisa da wurin. Ka tafi da tsohon fasfo, takardar NIN, fom, rasit, takardar ranar da aka ba ka, izinin zama, kowanne da kwafi. Duk kuɗin da aka ce ka biya, ka nemi rasit.

Masu iyali, haihuwa a Ghana ba ta mai da yaro ɗan Ghana in iyaye da kakanni duk baƙi ne. Ku yi masa takardar haihuwa a nan da wuri, ku yi masa NIN, sannan fasfo, da takardar amincewar iyaye. Na yara shekara 5 ne. Wanda nasa ya ɓace ya fara da rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu, kuma hoton shafin bayanai da ka ajiye a waya zai yi maka rana. In rasuwa ko rashin lafiya ta taso a gida fasfo kuma a mace, ofishin jakadanci na ba da takardar tafiyar gaggawa, amma ta zuwa Najeriya ce kawai, ba a dawowa da ita. Wani yaron layinmu ya tafi ta'aziyyar mahaifinsa da ita, ya zaci zai juyo bayan sadakar bakwai, sai da ya zauna a gida har sabon fasfo ya fito, shagonsa a rufe, haya na ci.

'Yan'uwanmu na Nijar, naku ofishin jakadancin ma yana Accra, can za ku nufa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, suka fito da fasfon ƙawancensu na ƙasashen Sahel, wato AES, ECOWAS kuma ta ce a ci gaba da karɓar masu tambarinta har sai an sanar da wani abu. Tunda lamarin na iya sauyawa, ku ne kuka fi kowa buƙatar fasfo mai rai da izinin zama a hannu.

Ranar karɓa, kada murna ta sa ka fita ba ka karanta ba. Ka tsaya a wurin ka duba suna, ranar haihuwa da wurin haihuwa, in akwai kuskure ka faɗa nan take. Tsohon fasfon da aka soke, ka adana shi, don bizojin da ba su ƙare ba da izinin zamanka suna ciki. Lambar fasfo ta canza, saboda haka ka ɗauki tsohon da sabon ka kai ofishin shige da fice na Ghana a mayar da izinin cikin sabon, sannan ka biya ta banki su sabunta bayananka.