Yadda za a kafa tsarin kekunan aro a unguwa ba tare da kekunan sun salwanta ba

Tun da Najeriya ta cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a bakin titi, ya yi tsada a Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru, kuma a Fabrairun 2024 gwamnatin Kamaru ta kai litar fetur sefa 840 a gidajen mai, har kuɗin hawa mashin kullum ya zama nauyi ga ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci. Shi ya sa ya kamata mu dubi tsarin kekunan aro na jama'a, wanda ake ajiye kekuna a tashoshi, mutum ya ɗauka a wannan tasha ya ajiye a waccan, ya biya ɗan kuɗi kaɗan. Da zarar an ta da zancen sai a ce za a sace kekunan, ko a ce babu mai tuƙa keke a zafin Afrilu. Masu wannan shakka suna da hujja, kuma tarihin tsarin ya goyi bayansu fiye da yadda masu tallarsa suke so su faɗa.

A shekarar 1965 wasu matasa a Amsterdam suka shafa wa kekuna farin fenti suka bar su a titi babu kwaɗo, domin kowa ya hau, amma ba a jima ba kekunan suka ɓace, wasu kuma 'yan sanda suka kwashe. A 1995 Kopenhagen ta fito da nata, inda ake saka tsabar kuɗi a cire keke, a karɓi kuɗin idan an mayar, sai dai tun da ba a san wanda ya ɗauka ba, satar ba ta tsaya ba. Ko Vélib' na Paris, wanda aka buɗe a Yulin 2007 yana aiki da katin banki, ya yi asarar dubban kekuna ta hanyar sata da ɓarna. Abin da ya raba tsarin da ya ɗore da wanda ya rushe shi ne sanin wanda keken yake hannunsa, da samun mai gyara shi a kan kari.

Wannan kuwa mun daɗe da sani, domin mai hayar keke na unguwa ba ya ba yaron da bai san gidansu ba. Saboda haka matakin farko shi ne a taƙaita tsarin ga mutanen da aka sani kuma suke bin hanya ɗaya kullum, kamar ɗaliban wata makaranta, ko 'yan wata ƙungiyar kasuwa, ko ma'aikatan asibiti. Kada a fara da gari gaba ɗaya. Kekuna 20 da tashoshi 2 ko 3 sun isa gwaji, kuma tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce kilomita 3 zuwa 4. Marwa da yawancin unguwannin Garwa shimfiɗaɗɗu ne, sun dace, amma hanyar Ngaundere zuwa jami'a a Dang, wadda ta kai kusan kilomita 15 kuma manyan motoci suke bi, ba wurin farawa ba ce.

Daga nan sai rajista. Duk mai son shiga ya kawo katin shaidarsa da lambar waya, ya kuma zo da wanda zai tsaya masa, mutumin da mai unguwa ko shugaban ƙungiya ya sani. Ba a buƙatar na'ura mai tsada a tasha. Mutum ɗaya a rumfa da littafi ya wadatar, yana rubuta lambar keke da sunan wanda ya ɗauka da lokaci, da yamma kuma masu tsaron tashoshin su haɗa lissafi ta waya. A ganina wannan ya fi na'ura dacewa da mu, saboda ɗaukewar wuta ba ta hana shi aiki, kuma ido ya fi kati sa mutum jin kunya.

Maganar kuɗin ajiya tana son hattara ƙwarai. A ƙasar Sin kamfanin Ofo ya zuba miliyoyin kekuna marasa tasha a tituna, ya karɓi kuɗin ajiya daga jama'a, da ya durƙushe a 2018 sai miliyoyin mutane suka shiga layin neman kuɗinsu. Don haka a ware kuɗin ajiya a asusu dabam, na banki ko na Orange Money ko MTN MoMo, wanda ba a taɓa shi sai da sa hannun mutum biyu, kuma kada a sayi ko taya ɗaya da shi. Kuɗin hawa ya zama na wata-wata, ƙasa da abin da mutum yake kashewa a mashin, sannan a yi koyi da Paris wajen barin rabin awar farko ba tare da ƙarin caji ba, abin da ya haura kuma a biya. Hikimar ita ce keke ya riƙa dawowa da wuri, kada wani ya kai shi gida ya kwana.

Keken da za a saya ya zama mai ƙarfi maras giya, irin wanda kayan gyaransa suke cike a kasuwa. A shafa wa duka fenti iri ɗaya mai ɗaukar ido, a buga lamba a jikin ƙarfen, a kuma zagaya wurin masu gyara da dillalan tsofaffin kekuna a nuna musu, domin wanda ya sata ya rasa inda zai sayar. Mai gyara kuwa a ɗauke shi tun ranar farko, a ware masa kasonsa cikin kuɗin wata. Tsidau yana huda taya, ƙurar hunturu tana cin sarƙa, kuma idan mutum ya zo tasha sau biyu ya tarar da keke babu iska ko birki ba ya kamawa, ba zai sake zuwa ba. Haka nan a sa ido kan taruwar kekuna a wuri ɗaya, domin da safe duk za su koma tashar kasuwa ko ta makaranta, sai an sami mai mayar da wasu.

Game da zafi, babu amfanin musu da masu shakka, domin a Maris da Afrilu yakan haura digiri 40. A buɗe tasha daga bayan asuba zuwa hantsi, a sake buɗewa bayan la'asar, a rufe kafin duhu tun da fitilun titi ba su wadata ba. Kafin a kafa rumfa a nemi izinin ofishin magajin gari, a gai da mai unguwa, a kuma zauna da shugabannin masu mashin a bayyana musu cewa gajeriyar tafiya kawai ake nufi, domin da wannan sana'a suke ciyar da iyalansu kuma da su za a raba titi. A bar gwajin ya cika shekara guda, ya ratsa bazara da damina, sannan a buɗe littafin a gaban membobi a ƙirga kekunan da suka ɓata, da abin da gyara ya ci, da yawan masu hawa a kowane wata. Idan kuɗin wata ya biya mai gyara da masu tsaron tasha, a ƙara tasha ɗaya. Idan bai biya ba, a mayar wa kowa kuɗin ajiyarsa cif, a sayar wa membobi kekunan.