Kurakuran masu son kafa mujallar wasan kasada

Kusan duk wanda ya ja wa abokansa wasan kasada na 'yan watanni, tunani ɗaya ke faɗo masa: me zai hana in fitar da mujalla? A nan Katsina na ji wannan magana daga bakin ɗaliban jami'a, na ji ta daga ma'aikata, kuma kowa da sunan da yake son kayarwa, wato mujallar kasada ta Amurka mai suna Dungeon. Na gaji da maimaita amsa ɗaya a majalisa, shi ya sa na rubuta, duk wanda ya sake tambayata sai in tura masa.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum huɗu ko biyar ne za su zauna, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya. Mutum guda shi ne mai jan labari, yana faɗin abin da suke gani da wanda suka ci karo da shi, su kuma su faɗi abin da za su yi, a jefa ƙwaya irin ta ludo ta raba gardama. Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, shi ne babba a wannan fanni. Aikin mujallar kasada shi ne ta kawo wa mai jan labari shiryayyar tafiya: taswira, abokan gaba, dukiyar da aka ɓoye, da dalilin da zai sa jarumai su bar gida.

Kuskuren farko shi ne rashin sanin wanda kake son karawa da shi. Kamfanin TSR, mai buga Dungeons & Dragons a lokacin, shi ne ya fara Dungeon a 1986, shekara goma bayan ya fara wata mujallar mai suna Dragon. Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, sannan a 2002 aka ba wani ƙaramin kamfani mai suna Paizo lasisin buga mujallun biyu. A 2007 lasisin ya ƙare ba a sabunta ba, Dungeon ta tsaya a fitowa ta 150 a takarda, ta koma intanet har zuwa 2013. Abin da ya cike gurbinta kuwa mutanen Paizo ɗin ne suka yi shi. A cikin 2007 ɗin suka fara Pathfinder, kowane wata littafi ɗaya, littattafai shida su haɗa doguwar tafiya guda. Samari suna son wannan labari, suna cewa ka ga sabo ya gaji tsoho. Amma ku duba da me suka fara: shekara biyar suna wannan aiki, marubuta da masu zane na hannunsu, kuma masu biyan kuɗin Dungeon da Dragon na shekara an ba su zaɓin mayar da ragowar kuɗinsu kan sabon abin. Kai da me za ka fara? Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Kobold Quarterly ta fito a 2007 ta tsaya a 2012. Gygax Magazine, da wannan babban suna a goshinta, ta fito a 2013, fitowa shida ta yi. White Dwarf ta Ingila, wadda aka fara a 1977, ta daɗe ne don ta zama dandalin tallan kayan kamfaninta, Games Workshop. Don haka ni idan matashi ya ce mini zai kayar da Dungeon, nakan ce ya fara kawo mini sunayen masu jan labari goma da za su karɓi fitowa ta biyu.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai, domin ni ma ya taɓa cin kuɗina da mutuncina. Mu Hausawa mun iya ba da labari, kuma mun tashi da karatun littattafan hikaya, saboda haka da mun zauna rubuta kasada sai hannu ya karkata ga littafi. Na taɓa rubuta wata tafiya ta ayarin fatake daga Katsina zuwa Agadas. Na zuba tarihin madugu tun daga kakansa, na tsara ranar da 'yan fashi za su far wa ayari, da wanda za a kashe, da kalaman da zai faɗa kafin ransa ya fita. Na buga, na raba, ban taɓa sa wani ya ja ta a gabana ba. Da aka zauna wasan a zauren wani abokina, tun a zango na farko 'yan wasa suka zargi jagaba, suka ɗaure shi, suka sauya hanya. Mai jan labari ya yi ta juya shafuka yana neman abin da zai faɗa, babu, don duk abin da na rubuta ya dogara da cewa jagaban nan zai kai su kwazazzabo. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaya, to yanzu kuma fa?" Daga wannan dare babu wanda ya sake tambayata fitowa ta gaba.

Ku ji ni da kyau, ƙannena. Ba kai ne jarumin ba, kuma ba kai za ka yanke ƙarshen labari ba. In kana son jarumi ya yi abin da ka tsara, je ka rubuta littafi, kasuwarsa na nan a Kano. Abin da mai jan labari ke nema a wurinka shi ne wuri, da mutane, da abin da kowannensu ke so, da abin da zai faru in babu wanda ya sa baki. Ni yanzu kowane mutum a cikin kasadata layi uku yake samu: abin da yake nema, abin da yake ɓoyewa, da abin da zai sa ya juya baya. Duk wani sirri da labari ba zai ci gaba ba sai an gano shi, nakan ajiye masa hanya fiye da ɗaya. Kuma ba na buga komai sai na miƙa wa wani ya ja, ni ina gefe da biro, bakina a rufe. Duk inda ya tsaya ya dube ni, wurin bai rubutu ba. Wasu na cewa wannan ɓata lokaci ne. Su dai suka sani.

Wani kuskuren mai zafi shi ne zuba duk jari a fitowa ta farko. Za ka ga yaro ya karɓi kuɗin adashe, ya tafi Kano ko Zariya, ya buga bango mai ƙyalli da launi a kowane shafi, ya dawo da kwalaye. Wata uku bayan haka kwalayen na ƙarƙashin gado, fitowa ta biyu kuma ko rubuta ta ba a fara ba. Haba! Ai abin da ya sa ake kiranta mujalla shi ne tana dawowa. Mai karatu zai yafe maka zane marar kyau, amma ba zai yafe maka ya biya kuɗi ya yi ta jira ba. Dungeon kanta duk bayan wata biyu take fitowa a farkonta, da kamfani a bayanta. Al'adata ita ce ba na sanar da fitowa ta ɗaya sai ta biyu da ta uku sun kammala a kwamfuta. Na kan fara da PDF a WhatsApp, marar nauyi, wanda ba zai cinye wa mutum data ba, sai wanda ya biya tukuna in buga masa baƙi da fari.

Sai maganar lasisi, wadda mutanenmu ke ɗauka wasa. Abin da ya sami Paizo a 2007 ya isa darasi: duk wanda ya yi gini a filin wani, ranar da mai fili ya so zai tashe shi. Akwai buɗaɗɗen lasisin da Wizards of the Coast ya fitar a 2000, kuma a farkon 2023, bayan rigimar da ta tashi kan yunƙurin sauya shi, kamfanin ya saki ginshiƙin dokokin Dungeons & Dragons bugu na biyar ƙarƙashin wani buɗaɗɗen lasisi mai suna Creative Commons. Wannan ya halatta maka amfani da waɗancan dokoki in ka faɗi inda ka samo su. Bai halatta maka tambarinsu ko zanensu ko kwafe tsofaffin kasadun Dungeon ka fassara ba.

Fassarar ma ko da an halatta, ba ita za ta sayar maka ba. Wanda ke son ganuwar Turawa da dusar ƙanƙara yana da su jibge a intanet da Turanci. Abin da ba zai samu a can ba shi ne maharbi da ɗan tauri da wanzami da maƙeri a ayari ɗaya, ko birni mai ƙofofi irin namu na da da ake rufewa da magariba, ko kufai mai kama da Durɓi ta Kusheyi. Nan kaɗai ne babu wanda ya riga ka. Sai dai ka yi hattara: kada ka ɗauki Kusugu ko fadar Daura ko hasumiyar Gobarau ka cika su da dodanni, kuma kada ka sa sarautar da ke raye ta zama ta mugu. Ƙirƙiri garinka, ka raɗa masa suna.

Ƙananan kuwa ga su. Kada ka rubuta dokar da sai da ƙwaya mai fuska ashirin, alhali abin da ke kowane shago ƙwayar ludo ce. Ka ba da hanyar wasa da ita. Ka rubuta a shafin farko cewa ba a sa kuɗi a wasan nan, domin iyaye da sun ga ana jefa ƙwaya caca ke zo musu a rai, kuma ba su yi laifi ba. Taswira ta zama mai karantuwa ko an yi mata hotokofi. Kasada ta ƙare a zama ɗaya ko biyu, tsakanin isha'i da lokacin rufe gida, ka bar doguwar tafiya sai ka yi shekara kana fitowa. In wani ya rubuto maka, ka sa sunansa, ka ba shi ko kuɗin kati ne, kuma ka gaya masa tun farko cewa za ka yanke tarihin kakannin madugunsa.