Yadda ake rubuta ƙagaggen labarin tarihi a kan Iskandar da malaminsa Aristotal

Duk wanda ya ɗauki alƙalami zai rubuta labarin Iskandar, sarkin Makidoniya da ya rusa daular Farisa, yaƙe-yaƙensa ne ke fara fisgar hankalinsa. A ganina naman labarin yana tsakaninsa da malaminsa, kuma nan ya kamata ka tsaya. Ga yadda za ka bi.

Da farko ka kafa turakunka, wato abubuwan da ba ka da ikon taɓawa. An haifi Iskandar a Fella a shekarar 356 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 343 mahaifinsa, Sarki Filib, ya ɗauko Aristotal ya koyar da yaron, lokacin yana ɗan shekara 13, malamin kuma ya ɗan haura 40, bayan ya shafe kusan shekara 20 a makarantar Aflatun a Atina. Iskandar ya rasu a Babila a 323, malamin ya bi shi a 322. Rubuta waɗannan ka manna a bango.

Mataki na biyu shi ne ka zaɓi gurbin da za ka cike. Karatun ya ɗauki kimanin shekara uku a Miyeza, wani wuri mai inuwa da kujerun dutse, inda yariman ya zauna tare da 'ya'yan manyan ƙasar. Wannan ne filinka. Akwai kuma wani ciwo da za ka binne a ƙarƙashin kowace hira: Filib ne ya rushe Istagira, garin haihuwar Aristotal, kuma Fulutak, wani tsohon marubucin tarihi Bagirke, ya ruwaito cewa sake gina garin na cikin ladan koyarwar. Ka duba fa, mutum yana tarbiyyar ɗan wanda ya ƙone masa gida. Wace fuska yake yi in yaron ya fara alfahari da mahaifinsa?

Na uku, ka nuna darasin, kada ka faɗe shi. Aristotal mutum ne mai fasa ƙwan kaza kullum don ganin yadda ɗan tsako ke tasowa, har ya rubuta cewa wajen kwana na uku zuciyar kan bayyana kamar ɗigon jini mai harbawa. To, sa shi ya durƙusa da ƙwai a tafin hannu, yana cewa, "Yarima, matso ka gani." Yaron kuwa idonsa na kan dokinsa Bukefalas da ke ɗaure can gefe. Wannan fage ɗaya ya fi shafi goma na bayanin falsafa. Haka nan Iliyad, tsohuwar waƙar yaƙi ta Girkawa da malamin ya ba shi, wadda aka ce yakan kwana da ita ƙarƙashin matashin kai tare da wuƙa. Ka riƙa dawo da ita jefi-jefi.

Na huɗu, ka tace kayan zamani. Babu likkafa a dawakinsu, babu masara ko tumatir a tukunyarsu. Sha'ir ne, da zaitun, da ɓaure, da cuku.

Na biyar, kuma mafi nauyi, ka gina saɓanin. Aristotal ya ɗauki waɗanda ba Girkawa ba a matsayin na ƙasa. Ɗalibinsa kuwa ya sa tufafin Farisa, ya auri Roksana 'yar Baktiriya, ya nemi a riƙa faɗuwa gabansa kamar yadda ake yi wa sarakunan Farisa. Mu da muka saba ganin faɗuwa a fada sai marubuci ya fahimtar da mu cewa Bagirke abin bauta kaɗai yake yi wa haka. Kalistanis, ɗan'uwan Aristotal mai rubuta tarihin yaƙin, ya ƙi. A 327 aka kama shi bisa zargin makirci, bai kuma fito da rai ba. Rubuta ranar da labarin ya iso Atina, inda Aristotal ya koma yana koyarwa. Kada ka sa dattijon kuka ko huɗuba. Bar shi da wasiƙar a hannu, ɗalibai na jiransa a farfajiya.

In ka kammala, ƙara ɗan shafi a bayan littafin ka bayyana wa mai karatu abin da ya faru da gaske da abin da ka ƙaga. A nan ne kuma za ka ambata cewa malamai sun saɓa a kan ko Iskandar ɗin nan shi ne Zulƙarnaini, domin mai karatun Hausa zai tambaya.