Kurakuran da masu kiwon kifi da masunta ke yi a Legas kan jinin kifi da ruwan gishiri

Mai kiwon da ya baro Kano ko Yauri ya kafa tanki a Ajah ko Badagry yakan zo da ilimin ruwan kogi, ya ɗauka karfasa karfasa ce, tarwaɗa tarwaɗa ce, duk inda aka zuba su za su yi. A nan asarar farko take farawa. Suna ɗaya ba ya nufin jini ɗaya. Kifin da kakanninsa suka daɗe a wani ruwa yana gadon jikin da ya dace da gishirin wurin da zafinsa, kuma wannan gadon ba ya canzawa don an sa shi a mota an kai shi wani gari.

Busasshen kifin nan okporoko da ke cika kasuwannin Legas ya isa misali. Mafi yawansa daga Norwe yake zuwa, kuma a can kifin kod, wanda ake busarwa a yi okporoko, kashi biyu ne. Akwai mai tasowa daga Tekun Barents ya yi doguwar tafiya zuwa tsibiran Lofoten don yin ƙwai tsakanin Janairu da Afrilu, akwai kuma mazaunin bakin gaɓa da ba ya zuwa ko'ina. A ido kusan ɗaya suke, har sukan yi ƙwai a yanki guda, amma ƙwayoyin gadonsu sun bambanta. A Tekun Baltik kuwa, mai ƙarancin gishiri, ƙwan kod yana bukatar ruwa mai aƙalla giram 11 na gishiri a lita kafin ya yi iyo. Idan bai samu ba sai ya nutse ƙasa inda iska ta yi ƙaranci, ya mutu. Kod ɗin Baltik ya gaji manyan ƙwai marasa nauyi da ke iyo a ruwan da ƙwan ɗan'uwansa na Atlantika zai nutse.

Kuskuren da ya fi kowanne cin kuɗi shi ne rikita sabo da gado. Sabo shi ne abin da kifi ɗaya zai iya yi cikin kwanaki: jikinsa ya daidaita da ƙarin gishiri. Gado shi ne iyakar da sabon ba zai wuce ba. Kifin ruwan daɗi ba ya shan ruwa sosai, fitsari yake yawan yi don fitar da ruwan da ke shiga jikinsa. Na teku kuwa ruwan jikinsa ne ke fita, shi ya sa yake shan ruwa kullum, yana fitar da gishirin ta jan naman nan na ƙarƙashin kunne da yake numfashi da shi. Sauyawa daga wannan aiki zuwa wancan yana cin lokaci da ƙarfi, kuma ba kowane kifi ne ke da kayan aikin ba. Ruwan teku yana da kusan giram 35 a lita. Karfasar Nilu da aka fi kiwo tana girma lafiya har zuwa wajen giram 15, daga nan girma da haihuwa su ja baya. Tarwaɗa ba ta kai nan ba, musamman ƙanananta, waɗanda suka fi son ruwan da bai kai giram 5 ba. Ita kuwa karfasa mai baƙin haɓa, 'yar asalin lagun ɗin Legas, wato babban tafkin da ke haɗe da teku, an same ta tana rayuwa a mashigar Salum ta Senegal cikin ruwan da ya haura giram 100. Amma ba kyauta take samun hakan ba: a can ba ta girma sosai, kuma tana fara haihuwa tun tana ƙarama.

Gyaran yana farawa da awo. Ka sayi na'urar auna gishiri ta hannu, wadda ake ɗiga mata ruwa a leƙa, ka fara gwada ta da tataccen ruwa ka ga ta nuna sifili. Kada ka auna sau ɗaya ka ce ka san ruwanka. Lagun ɗin Legas fuska biyu gare shi: da damina, idan kogin Ogun ya kawo ruwa, yakan koma kusan ruwan daɗi, da rani kuwa ruwan teku ya kutso ta mashigar tashar jiragen ruwa, gishiri ya hau sosai a wajen Apapa da Iddo, ya ragu yayin da kake nufar Ikorodu da Epe. Wanda ya auna a Yuli ya sa keji zai iya tarar da wani ruwa dabam a Fabrairu. Rijiyar burtsatse ta kusa da gaɓa ma a auna ta, domin ɗanɗano da baki ba ya bambance giram 2 da giram 6 yadda ya kamata. Idan za ka shigar da ƙananan kifi ruwa mai gishiri, ka ɗora ledar da suka zo a ciki a kan ruwan minti 20 zuwa 30 zafinsu ya daidaita, sannan ka riƙa ƙara gishirin giram 2 zuwa 3 a kowace lita a rana, ka rage abinci a kwanakin. Kifin da ya daina ci, ya yi duhu, yana taruwa a bakin famfo, ya kai iyakarsa. Ka tsaya nan, ka sirka da ruwan daɗi.

Sai batun iyaye, wanda nan ne muka fi yi wa kanmu illa ba tare da sani ba. A ƙyanƙyasar tarwaɗa ana yanka namiji ne a ciro maniyyinsa, saboda haka mutane sukan yi tattali, su haɗa ƙwan mata goma da namiji ɗaya. A lissafin gado, namiji 1 da mata 10 ba su kai darajar iyaye 4 ba, kuma duk 'ya'yan 'yan uba ne. Idan aka zaɓi iyayen gaba daga cikinsu, an fara auren gida. Haɗa wa da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, sau ɗaya kawai yana kai kusancin jini kashi 25 cikin 100. Alamunsa su ne ƙwai da ba sa ƙyanƙyashewa da yawa, karkatacciyar baya, jinkirin girma da saurin kamuwa da cuta, sai a ɗora laifin a kan abinci. Maza 25 da mata 25 waɗanda ba dangin juna ba suna riƙe ƙaruwar kusancin a wajen kashi 1 cikin 100 a kowane zubi. Wanda ba zai iya ajiye haka ba, ya sayo maza daga wata gona, mata daga wata, ya tambayi asalinsu, don gonaki biyu a Odogunyan ta Ikorodu suna iya zama sun ɗebo daga tushe guda. A kuma daina sayar da manya a bar ragowar tanki su zama iyaye. Jinkirin girma ake tarawa.

Irin wannan yana faruwa a teku ma. A 2002 David Conover da Stephan Munch sun wallafa gwajin da suka yi a Amurka a kan wani ƙaramin kifin teku: suna kwashe manya kashi 90 cikin 100 su bar ƙananan su haihu, cikin zubi huɗu jinin ya koma na ƙanana masu jinkirin girma. Kod ɗin Niyufanlan na Kanada ma ya fara haihuwa da wuri, yana ƙarami, kafin a rufe kamunsa a 1992. Masuncin da ke bin wurin da kifi ke taruwa don ƙwai, ko mai raga mai ƙaramin ido, irin gobe yake kwashewa. Kuma tunanin cewa wani kifin zai taso daga Kwatano ya cike gurbin ba abin dogaro ba ne, tunda wanda zai zo ba lalle ya dace da wannan ruwan ba.

Ambaliya kuma tana da nata. Duk shekarar da aka saki ruwan madatsar Oyan, gonakin gefen kogin Ogun sukan cika su tumbatsa, kifin kiwo ya fita, har da haɗin tarwaɗa da ramboshi, ya gauraya da na daji. Ka ɗaga bakin tafki sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, ka sa raga biyu a bututun fitar ruwa, ka kwashe kifin kafin Satumba idan gonarka a kwari take. Kifin da ya ƙi girma kuwa a sayar ko a banda shi, kada a juye shi a lagun. Wanda ke son sanin irin da ya dace da ruwan unguwarsa, ya ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta, ɗaya na rani ɗaya na damina, ya nemi shawara a cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Victoria Island.